Tabon Cindo a Hannun Mama

Da sunan Allah, wanda Ya san abin da ke bayan kowane labule. Zainab da Sadiƙu, wannan babin dominku na rubuta shi. Kwanakin baya na ji Zainab a bakin famfo tana gaya wa ƙawarta cewa ba don Yaya Ummi ba, da tuni Baffa Nura ya yi suna a harkar fim, wai ni na zuga Baba Malam ya hana shi. Ban tanka ba. Kun dai san ni, magana nauyi take yi mini a baki. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin rabinsa gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar gyarawa. Lokacin da abin ya faru Zainab tana da shekara shida, kai kuwa Sadiƙu ba a daɗe da yaye ka ba, ni kuma ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Yanzu da nake shirin gama makaranta na nemi izinin Mama, ta ce in rubuta, in ajiye muku har ku yi hankalin karantawa.

Sai na fara da kakanmu, Baba Malam, mahaifin Abba, tunda kai Sadiƙu ba za ka iya tuna shi ba. Tsohon magatakardan kotu ne. Ya shafe shekaru yana rubuta abin da masu ƙara da waɗanda ake ƙara suka faɗa, har yatsansa na tsakiya ya yi kanta inda biro yake zama. Da ya yi ritaya sai ya dawo gidanmu na Limawa a Dutse, ya mai da zaure wurin zamansa: tabarma, buzu, buta, da wata ƙaramar talabijin a kan benci. Mutane suna mamakin dattijo irinsa da son kallo, amma ba kowane fim yake kallo ba. Nasa su ne tsofaffin fina-finan Turawa marasa kala, baƙi da fari kawai, irin waɗanda ya ce ya gani a silima a Kano yana saurayi. Duk labarinsu na laifi ne. An kashe wani ko an fasa wani wuri, ga wani mutum mai doguwar kwat da hula mai baki kamar malafa yana bin sawu, hayaƙin taba yana tashi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Baffa Nura, ƙanin Abba, yana da shagon tura fina-finai a waya a bakin kasuwa, shi yake nemo masa su. Waɗanda Baba Malam ya fi so su ne waɗanda akan rubuta a farkonsu cewa abin da za a gani ya faru da gaske, sunayen mutane kawai aka canja. Idanunsa sun yi rauni, saboda haka ni nake karanta masa rubutun, in fassara iya inda Turancina ya tsaya.

Sunan kakarmu marigayiya aka sa mini, shi ya sa ake ce mini Ummi a gida, shi kuwa uwargida yake ce mini. Da na shigo da jakar makaranta zai fara.

"Uwargida, an taso daga boko? Zo ki zauna, yau wani ɓarawon banki za mu kama."

"Ni na gaji da tsohon miji mai kallon fim ɗin da ko kala babu."

"Kala ai ta masu sayar da atamfa ce. Ki dubi inuwar, a nan labarin yake."

A makaranta ko sunana malami ya kira sai muryata ta maƙale. A gabansa kaɗai bakina yake buɗewa, domin al'ada ta ba jika damar faɗa wa kaka abin da ɗan cikinsa ma ba zai iya faɗa ba. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Tsakanin zaure da tsakar gida akwai asabari. Bayan la'asar rana takan ratso ta tsakanin karansa ta zana layi-layi a bango da kan fuskar Baba Malam, daidai irin inuwar da ke faɗowa kan fuskokin mutanen fim ɗin idan suka tsaya a bakin taga. Ta wurin asabarin nan abincinsa yake zuwa. Mama, da yake suruka ce, ba ta taɓa tsayawa gabansa ba, ba ta ambatar sunansa, ko gaisuwa daga bayan asabari take durƙusawa ta yi. In ta kawo kunu sai ta yi gyaran murya, ni in tashi in karɓa. Kullum haka ake yi, har ban san ranar da aka fara ba.

A shekarar ne mantuwa ta fara kama Baba Malam. Irin mantuwar nan ce mai zaɓe. Yana iya faɗa miki yadda wani alƙali da ya yi aiki da shi shekara talatin baya yake naɗa rawani, amma sai ya tambaye ni sau uku ko ya yi sallar azahar. Wata rana ya kira Abba da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Muka yi dariya, shi ma ya yi. Babu wanda ya yi tunanin akwai abin da mutum zai manta wanda ya fi suna nauyi.

Wata Asabar muna zaune mu uku, ni da shi da Baffa Nura, fim ya ƙare an kama mai laifi. Baba Malam ya tsuke baki.

"Wannan ai wasan yara ne. Ni na rubuta wanda ya fi shi, da hannun nan nawa."

Sai ya ba da labari. A wani ƙauye a ƙasar Buji aka tsinci gawar wani mai sayen hatsi a kan hanyar dawowa daga kasuwa. Aka sami kekensa a gidan wani manomi. A jikin buhun da ke gefen gawar kuma akwai shatin hannu na jini, yatsu shida. Manomin nan yana da cindo, wato ƙarin yatsa a gefen ƙaramin yatsansa, kuma nasa ba a cire ba tun yana jariri. Shi dai abin da ya faɗa shi ne ya tarar da mutumin a kwance buhu ya danne shi, ya janye buhun ya duba ko da sauran numfashi, sannan ya hau keken don ya yi saurin kai wa mai gari labari, ya tarar ba ya nan, ya jingine keken a gida yana jira. Ba a yarda da shi ba. Bai cika shekara biyu a gidan yari ba ya rasu. Matarsa ta riga shi tun da daɗewa, 'ya ɗaya gare shi. Baba Malam ya ce abin da bai taɓa fita daga idonsa ba shi ne yarinyar nan, 'yar shekara shida, tsaye a ƙofar kotu da ƙwaryar fura da ta kawo wa ubanta. Ba a bar ta ta shiga ba, ita kuma ba ta tafi ba har aka tashi. Da Baba Malam ya fito ya karɓi ƙwaryar don ya miƙa wa uban, sai ya ga ita ma da ɗan tabon cindo a hannu. Daga baya kawunta ya tafi da ita Taura.

Baffa Nura ya daɗe da burin yin fim nasa na kansa. Na ga yadda ya gyara zama.

"Baba, wannan ai fim ne a shirye. Za mu yi shi baƙi da fari irin naku, babu wanda ya taɓa yin haka a Dutse. Sunaye kawai za mu canja, kamar yadda Turawan suke yi."

"To, ka dai yi inuwa da kyau," in ji Baba Malam, yana jin daɗi.

Daga ranar zaure ya zama wurin shiri. Baffa ya tara abokansa, aka raba matsayi, aka kai wa tela ɗinkin doguwar kwat, aka samo wani tsohon keke mai kwando. Har yatsa na shida suka ƙera da kakin kyandir suna manna wa wanda zai fito a manomin. Kusan kullum sai an sa Baba Malam ya maimaita labarin, shi kuwa ba ya gajiya. Abba a lokacin yana aiki a Gumel, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ranar da ya ji abin da ake shiryawa, ya kira Baffa gefe, ni ina wanke buta a kusa.

"Nura, ka bar wannan labarin, ka nemi wani."

"Saboda me, Yaya?"

"Na dai ce ka bari."

"Dama tun farko ba ka ɗauki sana'ata a bakin komai ba. Baba da kansa ya ba ni, kai ne za ka hana?"

Abba ya buɗe baki, sai ya dubi wajen asabari, ya rufe. Wannan duban shi ne abu na farko da na ajiye a raina. Mai shiru ba shi da aiki sai kallo, sai na fara kallo. Na lura idan Mama tana daka a tsakar gida kuma labari ya kai wurin yarinya mai ƙwarya, taɓarya takan tsaya, ba ta komawa sai an wuce wurin. Na lura ta fara naɗe hannunta na hagu da gefen mayafi in maƙwabta sun shigo, ita da ba ta damu da haka ba. Kun san wasan da ke tsakanin Mama da Baffa, na matar wa da ƙanin miji; in ya faɗi ɗaya sai ta mayar masa da uku. Wata rana ya shigo ya ɗaga ka sama, Sadiƙu, ya kama hannunka inda ungozoma ta ɗaure naka cindon da zare ya faɗi, ya bar ɗan tsiro.

"Matarmu, ki ba mu aron wannan mana. Ga shaida a hannunsa, shi zai fito a mai laifin yana jariri."

Mama ba ta mayar ba. Ta karɓe ka ta goya, ta shiga madafa. Miyar ranar babu gishiri, kuma ban taɓa cin miyar Mama babu gishiri ba sai ran nan.

Bayan kwana kaɗan aka yi haihuwa a maƙwabta, Mama ta ce in sa mata lalle saboda suna. Muna ɗaki da hantsi, hannunta na hagu a kan cinyata. Tabon yana nan a gefen ƙaramin yatsa, bai fi ƙwayar dawa ba. Na san shi tun ina ƙarama, amma ban taɓa kallonsa ba sai ranar. Na yi tambayar, ban ɗago kai ba.

"Mama, yarinyar nan ta labarin Baba Malam, mai ƙwaryar fura, ko tana raye?"

"Ki kula, kina ɓata mini farce."

Na ci gaba da shafa lalle. Har na ɗauka maganar ta mutu, sai na ji ta ce, a hankali, kamar da bango take yi:

"Ba fura ba ce. Kunun kanwa ne. Ba ya shan fura, tana kumbura masa ciki."

Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Can ta ce in ɗaure mata ledar da kyau, kuma abin da kunne ya ji a ɗaki, a ɗaki yake zama.

Sauran na haɗa shi da kaina. Kowa a gida ya san Baba Malam ne da ƙafarsa ya je Taura ya nemo wa Abba auren Mama a hannun kawunta, kuma ana faɗar haka ne a matsayin abin alfahari. Yanzu na gane dalili. Bai manta da yarinyar ƙofar kotu ba, ya bi sawunta har ta girma, ya kawo ta gidansa, ya rufe asirin. Shi da Abba kaɗai suka sani. A wurin mutanen Limawa, Mama marainiya ce 'yar Taura, shi ke nan. To ga shi mai ajiyar da kansa ya manta cewa ajiya ce. Ya tuna yarinyar, ya tuna ƙwaryar, amma ya manta ita ce take dama masa kunu a bayan asabari. Mama ba ta da bakin yi wa surukinta magana. Abba ba zai iya duban mahaifinsa ya ce masa ka manta ba, kuma ba zai iya gaya wa Baffa dalili ba sai ya tona abin da yake son rufewa. Idan fim ya fito, daga shagon Baffa zai bi wayoyi har Buji da Taura. Matan unguwarmu kuwa sun san hannun Mama, sun san daga ina aka kawo ta, ba sa bukatar a faɗa musu suna. Abin da ya fi ci mini rai, na karanta takardun Baffa na ga ya cire bayanin da manomin ya yi na cewa taimako ya je yi. A fim ɗin shi ne ya yi kisan, har da dariya.

Na kwashe mako biyu da abin nan a cikina. Sau uku ina zama kusa da Baba Malam da niyyar magana, sai in ɓige da tambayarsa ko a ƙara masa ruwa a buta. Ina tsoron in karya maganar Mama. Ina tsoron in kunyata tsoho. Ina kuma jin tausayin Baffa, wanda ya gaya wa duk wanda ya sani a Dutse cewa fim ɗinsa yana zuwa. Aka sa Asabar za a fara ɗauka a wata gona a gindin duwatsu. Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa ya tafi karɓo kyamara, zaure ya rage daga ni sai Baba Malam. Na san in ban yi a ranar ba, babu wata rana.

"Angona, yau fushi nake da kai."

"Subhanallahi. Me na yi wa uwargida? Kishiya aka ce na nema?"

"Wa zai ba ka? Kai da ko labari ba ka iya bayarwa daidai ba. A ce magatakarda guda yana kuskure."

Ya gyara tabarau, ya ji an taɓa sana'arsa.

"Ni? A ina na yi kuskure?"

"Yarinyar ƙofar kotu. Ka ce fura ta kawo. Ba fura ba ce, kunun kanwa ne."

Ya dubi bango. Na ga leɓɓansa suna motsi.

"Kunu ne," ya ce. "Ƙwarai kuwa, kunu ne, har ya huce ya yi fata a sama. To ke wa ya gaya miki? Ba a haife ki ba."

"Da kawunta ya kai ta Taura, daga nan sai ina?"

Daidai lokacin na ji takun Mama, na ji gyaran muryarta a bayan asabari. Lokacin kunu ya yi. Tun da na yi wayo, in ta yi gyaran muryar nan tashi nake yi. Ranar ban tashi ba. Ta sake yi. Na kafa idona a tabarma, na ƙi motsi. Abin da na yi ke nan, Zainab, duk zugar da kika ji an ce na yi. Da Mama ta ga shiru, sai ta durƙusa ta ɗaga gindin asabari kaɗan, ta turo kwanon da hannu biyu kamar yadda ladabi ya tanada. Rana ta faɗo a kan hannuwan layi-layi. Lallen ya fara koɗewa, tabon ya fito fari a gefen yatsa.

Baba Malam ya dubi hannun har aka janye shi, asabari ya koma ya rufe. Ya dubi kwanon. Kunun kanwa ne. Ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu, ya rufe fuska da tafukansa. Bai yi kuka ba. Istigfari kawai nake ji yana fita a hankali, ya fi sau ashirin. Da ya sauke hannu sai na ga idon da na sani tun kafin mantuwa, ya dawo gaba ɗaya.

"Sau nawa na faɗi labarin nan a zauren nan?"

"Da yawa, Baba."

"Tana ji?"

"Tana ji."

Na san Mama ba ta tafi ba, domin ina ganin inuwarta a ƙasan asabari. Shi ma ya gani. Amma bai yi mata magana kai tsaye ba, ni ya duba.

"Ummi, ki gaya wa mutanen cikin gida, an ba tsoho ajiya ya zubar a hanya. Ki ce ina neman gafara. Ki kuma ce ni na rubuta abin da aka faɗa a kotu, amma ban ga abin da ya faru a hanyar kasuwa ba, kuma har yau zuciyata ba ta yarda shi ya yi ba."

Ban motsa ba, domin babu inda zan kai saƙon da bai riga ya isa ba. Sai muryar Mama ta fito.

"Ummi, ki ce masa babu komai. Ki ce wanda ya riƙe shekara ashirin ba a ce ya zubar ba. Ya sha kunun kada ya huce."

Ranar ce kaɗai ya kira ni Ummi. Da Baffa Nura ya dawo da kyamara a kafaɗa yana fara'a, Baba Malam ya ce ya zauna.

"Nura, fim ɗin nan ba za a yi shi ba."

"Baba, gobe fa za mu fara. Na tara mutane."

"Na sani. Laifina ne, ba naka ba. Na ba ka abin da ba nawa ba."

"Ai mun canja sunaye. Ko ƙauyen ba mu ambata ba. Haka su ma Turawan suke yi, kai ka nuna mini."

"A manyan biranensu mutum suna ne kawai, in ka canja masa suna ya ɓace. A nan ko ka canja suna, akwai wadda ta yanke masa cibiya, akwai wanda ya ci naman sunansa. Mutumin nan yana da baya, kuma suna raye."

"Su waye?"

"Da zan iya faɗa maka, da ban hana ka ba."

Baffa ya dube ni, ya ga ni kaɗai ce a wurin, kuma idona ya yi ja. Ya ɗauki kyamararsa ya fita. Bai saɓa wa mahaifinsa ba, wannan ku riƙe masa. Amma ya sha dariya a gari. Abokansa suka riƙa kiransa darakta mai fim a aljihu, kwat ɗin kuwa ta daɗe a rataye a shagonsa tana shan ƙura. Ya yi kusan shekara ba ya yi mini wasa. In na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice. Ban ga laifinsa ba, domin an karɓe masa abu ba a ba shi dalili ba.

Ni abin da na rasa ya fi wannan. Baba Malam bai sake kallon fim ba. Ya sa aka mayar wa Baffa talabijin ɗin. Ya zama mai tsoron bakinsa, har in baƙi suka zo sai ya yi ta jan carbi, yana amsa musu da to da madalla. Ya ce mini in na ji harshensa ya kama hanyar da ba ta dace ba, in taɓa masa ƙafa. Na taɓa sau biyu ko uku, kuma kowane lokaci yakan tsaya cak kamar yaron da aka kama, wannan kuwa ya fi komai yi mini ciwo. Wani lokaci bayan la'asar in rana ta zana layinta a bango sai ya nuna da carbi ya ce, uwargida, ga fim ɗinmu, mu zauna mu kalli inuwa har ta hau rufi. Da damina ta zagayo ya rasu, ranar wata Laraba da hantsi. Har yau ina tambayar kaina ko na ƙwace wa tsoho ɗan abin da ya rage masa na jin daɗi. Nakan ba kaina amsa cewa da yana cikin hankalinsa, shi da kansa zai roƙe ni in yi abin da na yi. Wata rana amsar takan ishe ni, wata rana ba ta isa.

Bayan sadakar arba'in Mama da bakinta ta gaya wa Baffa Nura. Ban san me suka ce ba, na dai ga ya fito daga tsakar gida ya tsaya a zaure ya daɗe. Washegari ya kawo mini sabon littafin rubutu mai bango mai kauri, ya ajiye a gabana ya ce, ga shi, magatakarda. A cikinsa nake rubuta muku wannan.

Da na karanta wa Mama abin da na rubuta, ta saurara har ƙarshe tana tsintar shinkafa. Ta ce wuri ɗaya ne ban cika ba, na yi ta cewa manomin, manomin, kamar ba shi da suna. Na ce ai ban san sunan ba. Ta ce na sani, kullum ina kiransa.

Sadiƙu, sunanka na yanka Abubakar ne. Baba Malam ne ya zaɓa, shi ya yi maka huɗuba a kunne, tun hankalinsa yana daidai. Ka taɓa tambayata me ya sa Mama take kiran Zainab da sunanta amma kai ba ta taɓa kiranka da naka ba, sai dai ta ce Babana. Na ce maka don kai ne auta. Ba don haka ba ne. Ka dubi gefen hannunka na hagu, sannan in ka yi salla ka sa shi a addu'a.